Kakata da Baƙinta na Cikin Rami

Ranar da Kaka tar rasu na ji ƙarya iri-iri a ƙofar gidanmu a Danchadi, kuma ban ga laifin kowa ba. Haka zaman makoki yake. Wani tsoho taubashinta da yaz zo daga Shagari yac ce tun suna yara bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Nid dube shi, nid dubi kunnuwansa. Matar da in ta kira akuyarta daga tsakar gida, awakin unguwa uku ke amsawa. Liman yac ce mai haƙuri ce. Wannan ma na bar shi da Allah. Wanda yaf faɗi gaskiya tsantsa wani mahauci ne na Bodinga da ya zauna can gefe. Yac ce, "Tun da nike yanka, ita ɗai ta taɓa wuce nama ta ce a ba ta abin da ke cikin tumbi." Mutane sunka fara murmushi, sunka tuna inda suke, sunka maida fuska.

Cikin gida kuwa kukan na gaske ne. Matan unguwa sun cika tsakar gida, kowace da abin da take tunawa. Wagga ta ce shekarar da itace yay yi wuya a murhun tsohuwa ta dama wa ɗiyanta kunu. Waccan ta ce da ta haihu, can anka riƙa ɗumama ruwan wankan jinjirinta har yay yi wata biyu, ba a taɓa ce mata ta zo da ko kara ɗaya ba.

Da anka gama haɗa ta, liman yay yi abin da aka saba. Ya roƙi duk wanda marigayiya ta taɓa saɓa wa ya yafe mata kafin a ɗauke ta. Maza sunka amsa baki ɗaya. Sai ya aiki matarsa ciki ta tambayi mata. Ina bakin zaure da bokiti a hannu, na ga komi. Mata sunka ce, "Mun yahe, mun yahe." Baki ɗaya ne bai buɗe ba, na matar Baffana, wadda nike ce wa Inna. Ita ce tay yi jinyar Kaka wata huɗu, ita ke juya ta, ita ke wanke mata zane. Matar liman tad dube ta tac ce, "Ke hwa?" Inna tas sunkuyar da kai, tat tashi, tan nufi murhunta na kara da ke bayan rumbu.

Haka anka ɗauki Kaka da bakin mutum ɗaya a rufe. Duk wanda ke wurin ya gani. Amma ni kaɗai nis san dalili gaba ɗayansa, don ni ne mafarinsa. Abin da yas sa nike wanga rubutu ke nan, ni da ko wasiƙa ba na gamawa sai na soke rabi.

Bari in fara da ita.

Uwar babana ce. Babana ya rasu ina ƙarami, uwata tay yi aure nesa, sai nit tashi hannun Kaka, cikin gidan Baffa. Ina ce mata amarya, tana ce mani ango, ko ɗan tasha in na ɓata mata rai, wato kusan kullum. Na yi sakandare aji biyu, malamai sunka gaji da ni, ni ma nig gaji da su, munka rabu lafiya. Daga nan sai tashar Bodinga. In taya makanikai riƙon sifana, in yi wa direbobi kiran fasinja, in dawo gida da labarai. Da rani kuma in kula wa Baffa da injin ban ruwa a fadamar albasa. Abin da nis sani game da inji rabi ne, amma bakina cikakke ne.

Gajeriya ce, baƙa, idanunta kullum jajaye suna ruwa. Hayaƙin girki ne yac cinye su tun tana budurwa. In ta dube ka sai ka ce kuka take, alhali zaginka take shirin yi. Ba ta cin goro sai ta raba shi huɗu. Ba ta yarda da rediyo ba, ta ce duk wanda ke magana ba a ganin fuskarsa ƙarya shike yi. Lokacin siyasa, ko wace jam'iyya ta kawo mata tuta karɓa take da godiya, ta ce, "Allah shi ba mai rabo." Da tutocin duka muke tace kamu.

A lokacin ne wasu malaman jami'a sunka zo daga Sakkwato suna neman gida mai shanu. Wai za su gina rami, a riƙa zuba kashin shanu da ruwa, wata iska ta fito a kunna ta a yi girki. Maza sunka taru gindin bedi, wato darbejiya, sunka yi ta dariya. Baffa yac ce shi ba za a dafa masa tuwo da tusar saniya ba. Kaka taj ji daga ciki, taf fito da mayafi a karkace.

Tac ce wa malaman, "Wutar nan, tana hayaƙi?"

Sunka ce ko kaɗan.

Tac ce, "Ku gina. Wanda ba shi ci, shi yi azumi."

Anka gina shi bayan garke. Rami ne mai zurfi da siminti, da wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe kife a samansa. In iska ta taru sai gangar ta ɗago, in an yi girki ta sauka. Gefe guda da baki inda ake zuba damammen kashi, sai bututu ya bi ta ƙasa har madafa. Ranar da wutar ta fara kamawa, shuɗiya, ba ƙara ba hayaƙi, Kaka ta daɗe tsugune gabanta. Sai tas sa hannu ta shafi idonta, tac ce, "Ashe ana iya dahwa abinci ba a yi kuka ba."

Wasu sunka kai ƙara wurin liman wai abincin ƙazanta ne. Kaka ba ta je gardama ba. Tuwon dawa tat tuƙa da miyar kuka, ta aika masa. Kwanon yad dawo a wanke, da saƙon ko akwai sauran miya. Maganar ta mutu nan.

Ɗaya cikin malaman, wani siriri mai babur, shi ke zagayowa lokaci-lokaci. Shi yag gaya mata cewa ba kashin ke yin iskar da kansa ba. Wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, daga cikin tumbin saniya suke fitowa, su ke ci su fitar da iskar. Kaka tar riƙe haɓa tac ce, "Ashe baƙi gare ni ban sani ba." Tun daga ranar sunansu ke nan. Da hantsi za ka ji ta bayan garke, "Baƙina, kun kwana lahiya?" In na yi dariya ta ce, "Sun hi ka amhwani. Su in sun ci, wuta suke badawa. Kai in ka ci, surutu."

Tana da dokoki, kuma ko hakimi bai isa ya taka su ba. Ba a zuba ruwan sabulu. Ba a zuba toka. Saniyar da anka yi wa allura, kashinta sai ya yi mako ana kai shi gona. Ruwan damu sai ya sha rana ya yi ɗumi. Lokacin ci ɗaya ne, hantsi, ko ana suna ko ana biki. Ta ce, "Akuya in ta ji yunwa tana kuka. Waɗanga ba su iyawa. To kai za ka tuna da su."

Sai zamani yaj juya. Kananzir yaɓ ɓace, sabulu da madara sai an yi layi, soja sunka dawo da bulala suna gyara layin. Damina tay yi gardama, gero bai kai ko'ina ba, kara ma ya zama abin ɓoyo. Masu dariyar gindin bedi sai ga matansu da tukwane a ƙofar madafar Kaka. Ba ta kori kowa ba. Amma sai ta tambaye ki, "Mijinki ya san da tusar saniya za a dahwa?" In kin ce ya sani, ta ce ɗora.

A cikin wannan shekarar ce sanyi yay yi tsanani. Baƙin Kaka ba su son sanyi. Gangar da ke ɗagowa har ƙirjina ta koma iya gwiwa, wutar ta zama kamar ta ashana. Kaka ta lulluɓe ramin da tsofaffin zana da buhunan albasa, tana ta fama, ga tukwanen mutane na jira. Ni kuma sai dabara taz zo mani, irin ta 'yan tasha. Na san salansar inji, inda hayaƙi ke fita, zafi gare ta. Injin Baffa kuma yana gida, na kawo shi wankin fulogi. Nic ce a raina, tsohuwa na ta lulluɓa musu buhu, ni zan kunna musu kasko.

Ranar Juma'a Kaka tat tafi suna Shagari, maza sunka tafi masallaci, mata na ɗaka. Ni ma masallacin ya kamata in tafi. Nis samo guntun bututun ƙarfe niɗ ɗaura a salansa don kar roba ta narke, nij jona doguwar tiyo, nic cusa ta ta bakin ramin har can ƙasa. Nit tada inji. Tun da injin kullum sai na gwada shi, ba wanda yal leƙo. Kashi ya fara ɓulɓula. Sai ga ganga tana ɗagowa, tana ɗagowa, har ta wuce ƙirjina. Wallahi rawa niy yi. Ina ganin iskar girki ce ke ƙaruwa. Ban san hayaƙina ne nike tarawa ba. Na bar shi sai da man yaƙ ƙare, nin naɗe tiyo niɓ ɓoye, ina jira amarya ta dawo ta ga aikin ango.

Da ta dawo tag ga ganga sama, ta yi hamdala. Taƙ ƙyasta ashana, wuta ta yi fuf ta mutu. Ta sake, ta sake. Washegari haka. Kwana huɗu gangar ta kwanta ƙasa ba ta ƙara motsi ba, ramin ya fara wani wari mai tsami da bai taɓa yi ba. Bakina da ba ya rufuwa, ranar nan ya rufu.

Sai wata maƙwabciya tac ce ai ranar Juma'a ta ga matar Baffa na wanki kusa da garke.

Ba zan rubuta duk abin da Kaka taf faɗa ba. Ta tsaya tsakar gida, gaban matan unguwa masu jiran tukwanensu, ta buɗe muryar nan tata. Ta ce tun farko Inna ba ta son ramin. Ta ce ƙyashi ne don mutane na gode wa tsohuwa. Inna na rantsuwa tana cewa, "Goggo, wallahi can bakin rariya niz zubar." Kaka tac ce, "Shekara shida kina gidan nan ba ki raya komi ba, abin da wani yar raya kuma kin kashe."

Inna na da cikin wata biyar a lokacin. Na farko, bayan shekara shida ana jira. Kaka ta sani. Fushi ne yas sa ta manta, ko ta yi kamar ta manta.

Ina tsaye jikin rumbu. Kalma huɗu ce kawai, ni ne niy yi. Ban faɗa ba. Nic ce a raina ai mata sun saba, za ta yi yaji kwana biyu ta dawo, ramin ma ƙila ya farfaɗo. Inna tad ɗauki mayafi taf fita da rana tsaka. Ta taka har bakin hanya, ta hau bayan motar albasa zuwa gidansu a Dandin Mahe. Kwana uku saƙo yaz zo. Cikin ya zube. Namiji ne.

Baffa na can Dandin Mahe ranar da malamin nan mai babur yaz zo. Daga ni sai Kaka a bayan garke. Ya shinshina ramin, ya tsoma wata 'yar takarda ya dubi launinta, yag girgiza kai. Kaka tac ce masa ruwan sabulu ne. Yac ce, "Iya, kwano ɗaya na ruwan wanki ba zai yi wa rami mai girman wannan haka ba." Yat tsuguna bakin ramin, ya shafa cikin bututun da yatsa. Yatsan yaf fito baƙi ƙirin.

Yac ce, "Iya, kin san mutanen da ke shiga ɗaki da kaskon gawayi saboda sanyi, su rufe ƙofa, a iske su ba sa motsi?"

Tac ce, "Na sani. Mun rufe irinsu."

"To akwai wata guba a hayaƙin gawayi da na inji. Ita kanta ba ta da wari, ba ta da launi. A jikin mutum jini take kamawa, ta hana shi ɗaukar numfashi. Baƙinki ba su da jini, amma suna da abin da suke aiki da shi, shi take toshewa. Kuma kashi biyu ne a ciki. Na farko su narkar da kashin ya yi tsami. Na biyu su shanye tsamin su ba ki iskar girki. Na biyun su ne marasa ƙarfi, su suka fara faɗuwa. Na farkon ba su san an yi ba, suna ta zuba tsami babu mai sha, har tsamin ya gama da saura. In gubar kaɗan ce, akwai masu iya cinye ta a hankali. Wannan ba kaɗan ba ce. Ga iskar waje ta bi ta shiga, ita ma ba sa son ta. Wa ya sa wa ramin nan hayaƙi?"

Kaka ba ta dubi fuskata ba. Hannuwana tad duba, masu baƙin mai har cikin farce. Ta daɗe tana dubansu. Sannan tac ce, "Malam, kai hwaɗa mani magani. Mai laihi nawa na."

Da ƙarar babur ta yi nisa tac ce, "Ango, zo nan." A hankali taf faɗa. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Nid durƙusa nif faɗa mata komi.

Tac ce, "Don mi?"

Nic ce, "Sanyi nig ga suna ji."

Ta yi wani sauti kamar dariya, ruwan idonta na zuba, wannan karon ba na hayaƙi ba. Nic ce zan tafi Dandin Mahe yanzun nan in faɗa. Tar riƙe mani wuyan riga.

"Ba inda za ka. Baffanka ya rantse in ka ƙara ɓarna ɗaya ka bar mashi gida. Yanzu ɗansa na cikin ƙasa. In yaj ji, ba kora ɗai za shi yi ba. Ina za ka cikin wagga yunwa? Wa gare ka?"

Nic ce, "Amma ni ne niy yi."

Tac ce, "Kai hayaƙi kaz zuba cikin rami. Ni niz zuba magana cikin mutum. Ba hayaƙinka yah hidda ta gidan nan ba, bakina na. In ka buɗa baki ina da rai, ban yahe maka ba."

Ita da kanta tat tafi biko, abin da ba a taɓa ji ba, uwar miji da furfura. Ni nir raka ta, nit tsaya waje kamar ɓarawon da ya raka mai kaya cigiya. An ce ta durƙusa gaban Inna, gaban iyayenta, tac ce, "Na zalunce ki. Ba ke ba ta." Inna tac ce, "To wa na, Goggo?" Kaka tac ce, "Ni ta." Inna tac ce, "Kina Shagari ranar." Kaka tam miƙe tay yi musu sallama.

Inna ta dawo, don iyayenta sun sa baki. Amma da ba a faɗi mai laifi ba, unguwa ta ci gaba da zarginta. An ce tsohuwa rufa wa surukarta asiri kawai tay yi. Yara na ce mata mai sabulu in ta wuce. Ba ta ƙara taka madafar ba. Ta kafa duwatsu uku bayan rumbu tana girki da kara da busasshen kashi, cikin hayaƙi, wuta mai tsabta na ci taku goma daga inda take.

Ramin kuwa mun tada shi. Ni nik kwashe rabinsa da bokiti, kwana uku, Kaka na tsaye kaina ba ta bari kowa ya taya ni ba. Mutane na cewa yaron nan ya shiryu. Ranar kasuwar Bodinga tat tasa ni gaba har mahauta. Nan ne ta wuce nama ta ce a juye mata abin cikin tumbi da ɗuminsa, a rufe kar iska ta taɓa shi, don sabbin baƙi na ciki. Nid ɗauko a kai, yana zubo mani a wuya, 'yan tasha na ihu suna kirana angon saniya. Bayan mako uku ganga ta motsa. Kaka ba ta yi murna irin ta farko ba. Ta kunna, ta dubi wutar, ta dubi hayaƙin da ke tashi bayan rumbu, tac ce, "Waɗanga sun dawo."

Shekara biyu haka. Kullum in an sauke tuwo Kaka ta aika a ce wa Inna murhu ba kowa. Kullum Inna ta ce an gode. Ni kuma ina tsakani ina barkwanci, ina miƙa kwano wurin Inna tana zuba mani. Sau biyu na ce wa Kaka ta sake ni in faɗa. Ta ce, "Ina da rai?" In ce kina da shi. Ta ce, "To."

Ranar addu'ar uku, da hantsi, bayan baƙi sun ragu, nij je bayan garke. Kwana uku ba wanda yat tuna da ramin, ganga ta yi ƙasa. Nid ɗebo kashi na fara damawa. Kaka ta ce kada in buɗa baki in tana da rai. Yanzu ba ta da shi, kuma an rufe ta da bakin mutum ɗaya a rufe. Na ajiye sandar nij je bayan rumbu. Inna na tura kara a wuta, idonta ya yi ja kamar na Kaka.

Nid durƙusa nic ce, "Inna, ramin nan ni nik kashe shi. Hayaƙin injin Baffa nis sa mashi. Ranar da anka zage ki ina tsaye nan wurin."

Ba ta juyo ba. Ta tura wani karan. Tac ce, "Sake hwaɗi."

Na sake.

"Ta sani?"

"Ta sani. Ita tah hana ni. Don kada Baffa shi kore ni."

Ruwan tukunya ya fara tafasa. Tac ce, "Wato ta auna ka, ta auna sunana, ta zaɓe ka."

Gaskiya ce.

Tac ce, "Ana gobe za ta cika ina shahwa mata mai a baya, nic ce Goggo, don Allah wa na? Tac ce ni ta. Da numhwashi ɗai-ɗai. Ni kau nic ce har ga mutuwa raina ni take yi." Ta goge ido da gefen zane. "Shekara biyu kana miƙo mani kwano, ɗan nan. Da wane hannu?"

Nis sunkuyar da kai.

Tac ce, "Tashi ka kira mani matar liman."

Da matar liman taz zo, sauran mata sunka matso. Inna tam miƙe tsaye tac ce, "Rannan an tambaye ni ban amsa ba. Ku shaida, na yahe ma Goggo, duniya da lahira. Ta cuce ni, amma ba don ta raina ni ba. Wani take karewa." Ba ta faɗi suna ba. Ba ta buƙata, duk sun ga inda nike durƙushe. Matar liman ta ɗaga hannu, mata sunka shafa.

Sannan Inna taj juyo gare ni. "Kai kau, ba yau ba. Kuma Baffanka da bakinka za shi ji, ba da nawa ba." Ta wuce ni ta nufi bayan garke, inda rabonta da takawa shekara biyu. Ta leƙa abin da nid dama, tat taɓe baki. "Dubi wanga. Ruwa tsululu, kuma mai sanyi. Sake kashe su za ka yi? Kawo sandar."

Na faɗa wa Baffa bayan la'asar. Bai buge ni ba, da ya buga da ya fi mani sauƙi. Yac ce in ɗauki tabarmata in koma Bodinga sai ya neme ni. Daga rumfar wani makanike nike wanga rubutu, bisa gwiwa. Bai neme ni ba tukuna, ban kuma ga laifinsa ba.

Amma an bar ni na je sadakar arba'in. Ina shiga nil leƙa bayan garke, ganga ta kai ƙirjina. A madafa wuta shuɗiya na ci ƙarƙashin tukunyar gumba da ta tuwo, Inna na tsugune gabanta, idonta fari tas. Ba ta dube ni ba. Ta zuba tuwo ta ajiye kwanon a ƙasa, ba a hannuna ba. Na ɗauka na ci.

Amarya, na jira har ranar da kinka ce, ban ƙara ko kwana huɗu ba. An yafe miki, gaban shaidu. Allah shi haskaka inda kike, shi sa ba hayaƙi can. Baƙinki na ci da hantsi, kan lokaci, kuma ruwan sai ya sha rana.